Ra'ayinmu: Wa Zai Rubuta Asiran Dajin Birnin Gwari?

A shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba na ƙwallo ba ne, ba kuma na karta ba. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur, ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikinsa: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wancan matsafi. In jarumi ya yi nufin wani aiki, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko ya dace. Watau dai tatsuniya ce da aka yi wa doka, masu sauraro kuma suka zama 'yan cikinta.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne littattafan ƙari da ake bugawa don faɗaɗa asiran da matsafan wasan ke aiki da su. Tun 1975 littafin Greyhawk ya kai matakan tsafin daga 6 zuwa 9. A 2005 aka buga Spell Compendium, wanda ya tara asirai fiye da 1,000, kowanne da bayanin mahaɗinsa, da nisan da yake ci, da daɗewarsa, da abin da ke karya shi. Da tatsuniyoyin Turai suka kasa isarsu, sai suka leƙa gidajen wasu. A 1992 aka fito da Al-Qadim, wanda aka gina bisa hikayoyin Larabawa, inda matsafi ke aiken ɗan ƙaramin aljani ya samo masa asiri. A 2002 kuma aka buga Nyambe, wanda ya ɗebo daga al'adun Afirka. Ba mu ga laifinsu ba. Tambayarmu ita ce, mu da muke da abin a gida, me muke jira?

Ga Birnin Gwari nan yamma da Kaduna, ga kuma dajinta. Tun 1936 aka keɓe Dajin Kamuku a ƙarƙashin En'e, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A gefen wannan daji Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani suka daɗe suna zaune, kuma maharbansu, kamar sauran maharban ƙasar Hausa, suna da rumbun labaran asiri wanda ya isa a cika littattafai da shi. Akwai layar zana, wadda aka ce mai ita yakan ɓace in haɗari ya rutsa da shi. Akwai baduhu, mai rufe idon abokin gaba. Akwai sagau, mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami, da kau-da-bara mai karkatar da kibiya, da tauri mai hana ƙarfe cin jiki. Ga kuma labaran rikiɗa, inda ake cewa ɓauna ko gwanki kan juye siffa don ya ruɗi maharbi.

Duk wanda ya saurari tsofaffi ya san waɗannan labarai ba kara-zube suke ba. Kowane asiri yana da mahaɗi, yana da sharaɗin da in mai shi ya saɓa ya lalace, yana kuma da makari. Yadda ake ba da labarinsa a wannan ƙauye dabam yake da na wancan. To, wannan tsari shi ne ainihin abin da marubutan wasan ke kwana suna ƙirƙirowa da ka. Mu kuwa kakanninmu sun gama mana aikin.

Amma fa rumbun yana yoyo. Shekaru da yawa 'yan bindiga sun addabi ƙasar Birnin Gwari, ƙauyuka suka watse, hanyar Kaduna ta zama abin fargaba, har sunan dajin ya koma ba a ambatonsa sai a labarin sata da garkuwa da mutane. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin, amma sulhu ba ya mayar da tsohon da ya rasu yana gudun hijira. Maharbin da ya bar daji ba ya koyar da ɗansa, kuma abin da ba a rubuta ba, ranar da mai shi ya kwanta dama shi ke nan.

Mun san za a ce mana sihiri haramun ne, me ya haɗa ɗalibi da shi? Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za mu yi wasa da ita ba. Ko a Amurka, cikin shekarun 1980, iyaye da limaman coci sun yi ta zargin wasan da koyar da tsafi. Amsarmu ita ce, ba da labarin abu dabam, aikata shi dabam. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, ƙanensa Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, duka an buga su a 1934, duka kuma da aljannu da abubuwan al'ajabi a ciki. Malamai ne 'ya'yan malamai, mutanen Kagara, maƙwabciyar Birnin Gwari, ba kuwa wanda ya zama boka don ya karanta su. Sai dai mu ma muna da sharaɗi: kada a sa aya ko sunan Allah cikin kayan wasa, kada a rubuta haɗin dafi ko na wani magani da yaro zai kwaikwaya, kada kuma a sa kuɗi wasan ya koma caca. Hasali ma gara samari su san layar zana a kan tebur, a matsayin tatsuniya, da su je gwajin maganin bindiga a jikinsu, abin da ya sha halaka mutane.

In mun yi sake, wasu za su rubuta mana. Sun taɓa yi. Frank Edgar ne ya tara Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913, A. J. N. Tremearne kuma ya buga littafinsa kan bori a 1914. Mun amfana da aikinsu, amma idon baƙo ne, baƙo kuwa ko idonsa ya kai goruba bai ga gari ba. Yau ƙofa a buɗe take, domin tun watan Janairu na 2023 kamfanin Wizards of the Coast ya saki ginshiƙan dokokin wasan ga kowa, mutum na iya rubuta nasa littafin ƙari ya buga ba tare da biyan ko kwabo ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai 'yan ƙasar Birnin Gwari, in an yi hutu, su nemi tsofaffin maharba a cikin gari, ba a daji ba, su gaishe su da ladabi, su nemi izininsu, su naɗi maganarsu, su rubuta sunan ƙauyen da kowace ruwaya ta fito. Abin da tsoho ya ce sirri ne, a bar masa abinsa. Ɗaliban sashen harsuna su tace, masu zane su zana, masu lissafi su tsara doka. Matasan ma'aikata da ke ma'aikatun al'adu da na ilmi su taimaka a ajiye abin da aka naɗa a Gidan Arewa da ke Kaduna, in littafi ya kawo riba kuma a kai wa masu ilmin rabonsu.

Da tsohuwar zuma ake magani. Muna fatan ganin ranar da yaro a Zariya, ko Maraɗi, ko Landan, zai ji an ce Kamuku, ya tuna da maharbi mai baduhu a bakin Dogon Ruwa, ba da ɗan bindiga ba. Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari lafiya mai ɗorewa, amin.