Ƙazamin Ruwan Kubanni: Daga Kwatar Jushi Har Bakin Teku

Duk wanda ya ratsa unguwannin Jushi da Sabon Gari da Samaru a ƙasar Zazzau ba zai rasa ganin lambatu cike da baƙin ruwa ba. Ruwan wanka ne da na wanki da na mahauta, wani lokaci har da na masai. Galibin wannan ƙazanta a Kogin Kubanni take ƙarewa ba tare da an tace ta ba.

Kada a ɗauka cewa abin ya tsaya a Zariya. Kubanni yana zuba cikin Galma, Galma ya faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya haɗu da Kwara, wadda ke malala cikin Tekun Atlantika. Watau ledar da aka jefa a kwatar Jushi tana iya kaiwa ga komar masunci na bakin teku. Kashi da ruwan sabulu kuwa taki ne ga ciyawar ruwa, irin wadda ta addabi hanyoyin ruwan Legas tun 1984. Idan ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, kifin ya mutu.

Amma mu ne na farkon shan wahala. Da rani masu lambu a gefen Kubanni da wannan ruwa suke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, waɗanda ake kaiwa kasuwa, wasu ma a ci su ɗanye. Da damina kuma ambaliya tana tura ƙazanta cikin rijiyoyin gidaje. Ta haka kwalara da taifot ke yaɗuwa. A shekarar 2021 kaɗai, kwalara ta hallaka mutane fiye da 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

Lalle Gwamnatin Jihar Kaduna ta cancanci yabo da ta buɗe sabuwar matatar ruwan sha ta Zariya a 2017, mai iya tace lita miliyan 150 a kowace rana. Sai dai injiniyoyi suna ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yakan fito a matsayin ƙazamin ruwa. Ke nan gwargwadon ƙaruwar famfo, gwargwadon cikar lambatu.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai dabarar haƙa tafkuna a jere: na farko mai zurfi inda dauɗa ke kwantawa, na gaba marasa zurfi inda zafin rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni. Ba ta buƙatar lantarki ko manyan injuna, fili kawai take so da kulawa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita, kuma ruwan da ya fito ya dace da noman rani.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna su keɓe fili tun kafin gine-gine su cinye shi. A tanadi wurin da motocin kwasar masai za su riƙa juye kayansu, a kuma mayar wa duba-gari martabarsu ta da. Malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke shan ruwa daga madatsar Kubanni, su ne suka fi dacewa da auna ruwan kogin a kai a kai, su sanar da jama'a sakamakon.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin haƙa tafki bai kai na jinyar gari guda ba.