Zauren Harsuna: Yadda Bajamushe Ke Kiran Danginsa

Yau Jamus za mu leƙa, kuma da sunayen 'yan gida za mu fara, domin duk mai koyon harshe, bayan sunansa da garinsu, abin da za a tambaye shi na gaba shi ne iyalinsa.

Mu Sakkwatawa mun daɗe da sanin Jamusawa. A 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso ƙasar nan yana jin Hausa. Sashen Hausa na rediyon Jamus kuwa tun 1963 yake shigowa gidajen iyayenmu. Tunda sun koyi namu, ba laifi mu ɗan koyi nasu.

Ku ɗauko littafi. Uba shi ne der Vater, amma V ɗinsu F ce, don haka ku ce "Fata". Uwa die Mutter. Ɗan'uwa namiji der Bruder, mace die Schwester. Ɗa der Sohn, ɗiya die Tochter. Kaka namiji der Großvater, mace die Großmutter, sai dai jikoki Opa da Oma suke cewa. Iyaye a haɗe die Eltern, 'yan'uwa a haɗe die Geschwister.

Kada ku haddace kalma ba tare da der ko die ɗinta ba, domin su ke nuna jinsi. Mu wannan ba zai ba mu wahala ba. Yadda muke cewa "ƙanena" da "ƙanwata", haka suke cewa mein Bruder da meine Schwester. Ku gwada: Das ist mein Vater, wato wannan babana ne. Ich habe zwei Schwestern, ina da 'yan'uwa mata biyu.

Akwai kuma abin mamaki. Bajamushe yana da Sie na girmamawa, irin "ku" da muke ce wa manya, amma baƙo da malami yake yi wa shi. Mahaifinsa da kakarsa du yake ce musu, wato kai ko ke, kuma a wurinsu wannan kusanci ne.

Inda muka fi su yalwa shi ne nan. Kawu da baffa duk Onkel ne a Jamusanci, gwaggo da inna duk Tante. Ba su da kalma guda ta yaya ko ƙane, sai sun ƙara "babba" ko "ƙarami" a gaban Bruder. Mu kuwa da an ce kawu mun san ta wajen uwa ne, da an ce gwaggo mun san 'yar'uwar uba ce. To ga shi yanzu da yawanmu kowa "anti" muke ce mata, har yaro ya girma bai san ta ina suka haɗa dangi ba. Wanda ya yar da nasa kalmomin, da me zai gwada na baƙo?

Karatun nan yana da amfani a aikace. Jarrabawar matakin farko ta A1, wadda cibiyar Goethe da ke Legas ke shiryawa, da gabatar da kai ake fara sashenta na magana. Jami'o'in Ibadan da Ile-Ife da Nsukka kuma suna koyar da Jamusanci har digiri.

Aikin wannan mako: ku zauna da kaka ko gwaggo ta lissafo muku danginku. Ku ja layi a tsakiyar takarda, Hausa a dama, Jamusanci a hagu. Duk inda kalmominmu biyu suka faɗa kan tasu guda, ku yi alama, ku aiko mana adadin da kuka samu. Mako mai zuwa sai ƙidaya, daga eins zuwa zwanzig, in Allah Ya kai mu.