Ranar da Muka Jingine Kekuna



Mu shida muka tashi daga Kano a kan kekuna lokacin hutun makaranta, ni da samari biyar, uku daga cikinsu na taɓa karantar da su. Ranar Talata muka bi ta Dambatta muka kwana a Kazaure, Laraba muka isa Daura muka ga rijiyar Kusugu, Alhamis kuma muka karkata ta wajen Zango da Baure da nufin mu zagayo gida ta Babura. Da la'asar sakaliya muka sauka a wani ƙaramin gari, kowa cinyarsa ta yi tsami, ɗaya daga cikinmu ma sirdi ya saluɓe shi har ba ya iya zama sosai. Bayan isha'i na kawo shawarar gobe mu jingine kekuna mu wuni a nan, mu yi Juma'a da mutanen garin.

Nan take wanda ya fi mu ƙarfin ƙafa ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kai ka karantar da mu cewa Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi. Me zai sa mu yi asarar yini guda?"

Ta fuskar fiƙihu, ya 'yan uwa, yaron nan bai yi kuskure ba, kuma a gaban sauran na faɗa masa haka. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya nufi tafiyar buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80, zai yi ƙasaru, kuma hukuncin matafiyi ba ya sauka daga kansa sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Zaman yini ɗaya bai mayar da mu mazauna ba. Juma'a ba ta hau kanmu ba, sai dai in mun halarta ta isar mana a madadin azahar. Da mun wuce da asuba, babu mai laifi a cikinmu. Abin da ban yarda da shi ba kalmar "asara" ce, domin kuwa na lura ta zama ma'aunin da yawancin samarinmu ke auna tafiya da shi: kilomita nawa waya ta ƙirga, hoto nawa aka ɗora.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci matafiya su bar raƙuma su ci rabonsu na ciyawa idan suna ratsa ƙasa mai yabanya. To, mai keke shi ne mahayin, shi ne kuma raƙumin. Idan shari'a ta hana a zalunci dabbar hawa saboda gaggawa, ina ga jikin ɗan Adam, wanda Annabi (SAW) ya shaida wa Abdullahi ɗan Amru cewa yana da haƙƙi a kansa, alhali a kan azumi da tsayuwar dare ake magana, ba a kan tuƙa keke ba? Sannan a cikin ayari ba da ƙafar mai ƙarfi ake auna zango ba. Wanda sirdi ya ji wa ciwo kunya ta hana shi magana, kuma shirunsa bai zama izini gare mu ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. A wurare da dama da Alƙur'ani ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa, ya haɗa umarnin da dubawa da lura. Mai keke kuwa, duk wanda ya gwada ya sani, idonsa a kan kwalta yake, yana kaucewa rami, yana sauraron ƙarar mota a bayansa. Kwana uku muka yi muna ratsa garuruwan Musulmi, amma in ban da mai shayi da mai faci ba mu san kowa ba. Wannan ratse ne kawai.

Mu tuna da hijira a shekarar 622 miladiyya. Madina ce manufa, mutanenta sun daɗe suna fita bakin gari suna jira, amma Manzon Allah (SAW) ya sauka a Ƙuba wajen Banu Amru ɗan Aufu ya yi kwanaki, a nan aka kafa harsashin masallacin da har yau ake ziyarta, sannan da ya tashi Juma'a ta riske shi a unguwar Banu Salim ya sallace ta a can. Kakanninmu ma da suka tafi hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, shekaru suke yi a hanya, su yada zango su yi noma ko sana'a, su yi karatu, sannan su ƙara gaba. Zango a wurinsu wani sashe ne na tafiyar.

Ban ce babu hujja a ɗaya ɓangaren ba. Hadisin Abu Huraira da ya siffanta tafiya da wani yanki na azaba ya kuma umarci wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Mai kwanakin hutu ƙididdigaggu, ko wanda ya bar mara lafiya a gida, gaggawa ce ta fi masa. Mu dai ba mu da irin wannan uzuri.

Sai dai ranar hutu tana da nata tarko, kuma mun kusa faɗawa ciki. Mutanen karkara ba sa barin baƙo da yunwa, ko da hatsin da ya rage musu ne. Da safe aka aiko mana da koko da ƙosai, da rana fura, muka fahimci dattijon da ya ba mu zaure yana shirin yanka mana kaji. Shari'ar da ta ba baƙo haƙƙin liyafa ita ce kuma ta hana shi zama har ya ƙuntata wa mai masauki. Da kyar muka roƙe shi ya bari, muka shiga kasuwa muka sayi namu cefanen. Haka nan na hana ɗaukar hoton mata a bakin rijiya da na almajirai a tsangaya ba da izini ba. Mutumin da ya ba ka tabarma ba abin kallo ba ne da za ka baje wa duniya a intanet.

Bayan Juma'a limamin ya riƙe mu a zaurensa har la'asar. Ya tambaye mu wata mas'ala ta ƙabli da ba'adi don ya gwada mu, yaran suka amsa, ya gyara musu wuri ɗaya, ni ma na ƙaru. Da yamma malamin Islamiyyar garin ya kai mu ajinsa, muka tarar yara kusan goma suna karɓa-karɓa a kan kwafin Ahalari guda. Yaron nan da ya ce za mu yi asarar yini shi ya fara ciro takarda ya rubuta littattafan da suke buƙata.

Asabar da asuba muka shafa wa sarƙa mai, muka gwada birki, muka kama hanyar Babura. Littattafan kuwa bayan mako biyu muka ba wani direba da ke bin hanyar ya kai musu.