Malam zai raba, amma kotu da tata doka take aiki

A makokin da nake zuwa, Nima ne ko Aboabo, magana ɗaya nake ji: "Ai mu Musulmi ne, in an yi addu'ar arba'in malam zai zo ya raba." Haka ne, matuƙar kowa ya yarda. Ranar da mutum ɗaya cikin magada ya ce bai yarda ba, ya nufi kotu, lissafin malam ya tsaya a bakin ƙofa.

Dalili kuwa, tun 1985 Ghana na da dokar gadon wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, wato PNDCL 111, kuma ba ta ware Musulmi ba. Ita ce ta ba matar mamaci da 'ya'yansa gidan, in ɗaya ne, da kayan cikinsa. Sauran dukiyar: mata kashi 3 cikin 16, 'ya'ya 9 cikin 16, iyaye 1 cikin 8, ragowar 1 cikin 8 a bi al'ada. 'Ya'ya maza da mata kai ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba haka tumuni da sudusi suke ba.

Ban ce dokar mugunta ce ba. An yi ta ne saboda matan da dangin miji ke watsa wa kaya waje gawa ba ta huce ba, kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, mu ma a zango ana yi. Amma wanda ke son a raba masa yadda addininsa ya ce, dole ya rubuta.

Na san abin da wasu za su ce: ai ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ba ta wuce sulusi. Gaskiya ne. To takardar da nake nufi ba ta ƙara wa kowa rabo. Cewa za ka yi a biya bashi, a fitar da wasiyya, sauran a raba bisa shari'ar Musulunci, ka ambaci waɗanda za su tsaya a kai. Ka sa malami da lauya su duba tare.

Dokar wasiyya ta 1971 sharuɗɗanta ba su da yawa: a rubuce, ka sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, su ma su sa. Kada shaidan ya zama mai cin gado, zai iya rasa rabonsa. In ba ka karatu, sai an karanta maka an fassara, wanda ya karanta ya rubuta cewa ya yi. Ana iya ajiye ta a babbar kotu.

Alhaji, in kana da mata biyu da ɗakunan haya a fili wanda takardarsa har yau sunan kakanka ne a kai, daga wannan takardar za ka fara.