Daga Jonquet: Kuku da boyin gidan Bature

Jama'ar Zango, in kun je Kano ku leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Nan Hanns Vischer, ma'aikacin Ingila, ya zauna sa'ad da ya buɗe makaranta a 1909. Ginin ƙasa ne irin namu. Uwargidansa Isabelle har littafi ta rubuta kan zamansu, da Faransancin nan da 'ya'yanmu ke karantawa a Kwatano.

Gidan Bature a lokacin, kullum kwinin da gidan sauro, ruwa kuwa sai an tafasa an tace. To, wa ke tafasawa? Kuku da boyi, 'yan'uwanmu. Sunan maigida na cikin littattafai, nasu kuwa jikoki ma sun fara mantawa. Wanda kakansa ya yi wannan aiki, don Allah ya kawo mana labarinsa kafin ƙarshen wata.