"In an saya ba a dawowa da shi": har da dutsen da zai iya cire maka ido?

Ɗauko rasit ɗin kayan da ka saya na ƙarshe, in ma an ba ka, ka duba can ƙasa. Da wuya ka rasa ƙananan rubutun nan da ke cewa kayan da ya bar shago ba ya dawowa. Masu sayar da kaya a Instagram da WhatsApp su ma sun ara sun yafa, tun a saman shafi za su sanar da kai cewa ba sa mayar da kuɗi. Mun saba da wannan magana har ta zame mana kamar doka. A kan takalmi ko atamfa, asarar kuɗi ce kawai, ka yi tsaki ka wuce. Amma akwai kayan da aibinsu ke taɓa lafiyar jiki, kuma a kansu nake son mu tsaya yau.

Ka san ɗan injin nan na hannu da masu walda ke yanka ƙarfe da goge shi, mai feshin tartsatsi? Da yawa daga cikin matasanmu da shi suke neman na kansu, wasu ma ɗalibai ne da ke zuwa koyon sana'a in an yi hutu ko an shiga yajin aiki. Ƙaramin, mai ɗaukar dutse na milimita 115, yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya. In ka lissafa, gefen dutsen yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. To ka yi tunanin a ce akwai tsaga a jikinsa wadda ido bai gani ba. Ba gargaɗi zai yi maka ba. Tarwatsewa zai yi, ɓaraguzan su fita da wannan gudun, kuma fuskar mai aiki da wuyansa da cinyarsa su ne mafi kusa.

Haka abin yake ga kayan ƙarfe na zubi, irin farantan injin niƙa. Yadda ake yin zubi shi ne a narka ƙarfe a zuba shi cikin ƙirar da aka yi da yashi. In yashin na da danshi, tururi zai tashi ya maƙale a cikin narkakken ƙarfen, ya bar ramuka kamar na soso. In ba a yaye dattin da ke tasowa saman narkin ba, shi ma ya daskare a ciki. In wani ɓangare ya riga wani hucewa, sai a samu rami ko tsaga a inda suka haɗu. Matsalar ƙarfen zubi ita ce ba ya lanƙwasa ya nuna maka ya gaji, karyewa yake yi farat ɗaya. Ramin da ka gani a waje sau da yawa alama ce ta cewa akwai 'yan'uwansa a ciki. Ga shi kuma rami na sa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, sai injin ya riƙa karkarwa, karkarwar kuma tana ƙara buɗe tsagar. Saboda haka in mai shago ya ce maka "ai wannan ɗan tabo ne kawai, haka duk suke zuwa", amsar ita ce ya ciro wani ka gani. In kuwa ka lura an cike wurin an bi shi da fenti, to wani ya riga ka ganin aibin, ya zaɓi ya rufe.

Ke ma da ba ki taɓa riƙe injin walda ba, kada ki ce ba ruwanki. Markaɗen kayan miya da niƙan masara da gero sau da yawa tsakanin farantan ƙarfe biyu suke bi, suna gugar juna. Faranti mara inganci yana saurin cinyewa, kuma abin da ya cinye ba iska yake bi ba, cikin gari yake tafiya. Masu bincike a jami'o'in Najeriya da Ghana sun daɗe suna gano burbushin ƙarfe a garin da aka niƙa a irin waɗannan injuna. Ki gwada da kanki: naɗe maganaɗisu a farar leda ki juya shi cikin garin, musamman in ranar aka wasa farantan. Wannan ya sa masu inji na kirki ke fara zuba dusa ko tsaki bayan wasawa kafin su karɓi niƙan mutane.

Ban ce duk zubin gida ba shi da kyau ba. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai masu basirar da ya kamata a ce gwamnati na tallafa musu da tanda ta zamani da kayan gwaji. Kuma kayan waje ma ana shigo da na banza, da tambarin manyan kamfanoni na jabu a jiki. Aibi ba shi da ƙasa.

Akwai abubuwan da za ka iya dubawa tun a shago, ba sai ka zama injiniya ba. Kowane dutsen yanka na gaske yana ɗauke da adadin juyin da zai iya jurewa. Na milimita 115 yawanci 13,300 ne a minti, babban kuma na milimita 230 wajen 6,600. Ka ga ke nan wanda ya cire murfin kariya ya ɗaura babban dutse a ƙaramin inji, kamar yadda ake yi a wasu bidiyoyin TikTok ana tafa musu, ya ɗora wa dutsen ƙarfin da ya kusa ninka abin da aka yi shi domin sa sau uku. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne dutsen yanka yana da ranar lalacewa kamar magani. Ɗanƙon da ya haɗa shi yana raunana, musamman a wuri mai danshi, shi ya sa ake buga wata da shekara a zoben ƙarfen da ke tsakiya, galibi shekara uku daga ranar ƙera shi. Dutsen injin wasa na kan teburi kuwa, rataye shi a yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa da katako. Lafiyayye zai yi ƙara mai zaƙi kamar ƙararrawa, mai tsaga kuma sai ka ji ƙus, kamar fasasshiyar tukunya. In ka ɗaura sabo, ka koma gefe ka bar shi ya yi juyin minti guda babu aiki. Tabarau na kariya kuma ba gayu ba ne.

To in ka kai gida sannan ka ga aibin fa? A nan ne yawancinmu ke cewa "Allah ya isa" mu yi shiru, ko mafi muni, mu ci gaba da aiki da shi don kada kuɗi su tafi a banza. Alhali dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko haɗari cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a biya shi kuɗinsa. Rubutun ƙasan rasit bai fi doka ƙarfi ba, kuma hukumar FCCPC da dokar ta kafa tana karɓar ƙorafi ta intanet. Hukumar SON kuma ita ke da alhakin ingancin kayan da ake ƙerawa da waɗanda ake shigowa da su. Tun kafin waɗannan hukumomi ma, malaman fiƙihu sun yi bayanin khiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye ke da shi na mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ɗan kasuwar da ya taɓa zama gaban malami ya san wannan babin.

Su ma 'yan kasuwa suna da tasu hujjar, kuma ya kamata a ji ta. Akwai masu sayen kaya su yi aiki da shi kwana uku, su yar da shi ƙasa ya tsage, su dawo suna rantsuwa haka suka same shi. Ƙaramin mai shago kuma sau da yawa ba shi da inda zai mayar, dilan da ya sayar masa yana Legas ko Onitsha, ya karɓi kuɗinsa tuni. Na yarda da wannan. Amma maganinsa shi ne a buɗe kaya a duba tare a gaban juna, a rubuta rasit na gaske mai suna da kwanan wata, shi kuma mai shago ya matsa wa dilansa kamar yadda aka matsa masa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a karɓi dutsen da aka dawo da shi saboda tsaga, a goge shi, a mayar kan kanta ana jiran wani yaron da bai san duba ba.

Mu kuma masu saurin ɗaukar waya, a yi hattara. Kafin ka hau Facebook ka ambaci sunan shago, ka fara ɗaukar hoton aibin tun kafin ka ɗaura dutsen a inji, ka adana rasit da shaidar tura kuɗi, ka koma wurin mai kayan da lalama. In ya ƙi, kowace kasuwa tana da shugabanni masu sasanta irin wannan, sannan ga hukuma. A 2023 an kama wata mata a ƙasar nan bayan ta rubuta ƙorafi a Facebook kan tumatirin gwangwani, maganar har ta kai kotu. In dai sai ka rubuta, ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da hoto zai tabbatar, ka bar zagi da zargin da ba ka da shaidarsa. Dutsen kuma ka ajiye shi yadda yake, kada ka gwada ko sau ɗaya don ka ga ko zai yi, domin da zarar ya taɓa ƙarfe mai shago zai ce kai ka fasa shi.