RA'AYINMU: A Tambayi Kwamandan Fagen Fama Kafin A Sayo Makami

Duk mutumin Gombe da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan ba zai manta da ranar Asabar, 14 ga watan Fabrairu, 2015 ba. A ran nan ne 'yan Boko Haram suka kutso garin Gombe da motoci da babura suna harbi, suna watsa takardu masu gargaɗin kada kowa ya fita zaɓe. Sai da soja suka tare su, jirgin yaƙi ya taimaka daga sama, sannan suka janye. Gwamna Ibrahim Hassan Ɗankwambo ya hana fita dare da rana. Mu da muke nan Kudu kuwa muka wuni riƙe da waya muna neman labarin iyaye da 'ya'ya.

Kafin wannan, a watan Nuwamba na 2014, sun shiga Nafaɗa da kamfanin siminti na Ashaka, suka kwashe nakiyar fasa dutse da motoci, suka yi gaba abinsu. Abin da ya raba Gombe da halin da Bama da Gwoza da Mubi suka shiga a 2014 shi ne ikon Allah, sannan abin da ke hannun sojan da ya tsaya a bakin gari. Saboda haka maganar wanda ke yanke shawarar irin makamin da za a saya wa sojan nan magana ce ta kowa da kowa, har da mai sayar da goro a Ikko.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, kwamandan da ke fagen fama shi ya kamata a fara tambaya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Shi ya san ko motarsa tana nutsewa cikin rairayi, ko wayar-iskarsa tana kai magana daga wannan gari zuwa wancan, ko bindigar abokan gaba ta fi tasa cin nisa. Wanda ke zaune a ofis a Abuja, kome iliminsa, labari ake ba shi.

Mun ga abin da rashin tambayar ya haifar. A watan Mayu na 2014 soja suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta a barikin Maimalari a Maiduguri, bayan an kawo gawawwakin 'yan'uwansu. A watan Satumba kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa. A watan Disamba aka ƙara yanke wa wasu 54 saboda ƙin fita yaƙi, su kuwa suka ce ba a ba su kayan faɗa ba ne. Daga baya, a watan Disamba na 2015, aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara goma. Ba mu goyon bayan tawaye a cikin soja, domin rundunar da ba ladabi taron 'yan tauri ce kawai. Amma a watan Yuli na 2015, ranar da ake sallamarsa daga aiki, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Alex Badeh, da bakinsa ya ce ya shugabanci rundunar da ba ta da kayan aikin da suka dace. Ashe kukan ƙananan sojan nan yana da tushe.

A watan Agusta na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin binciken cinikin makamai tun daga 2007, a ƙarƙashin wani tsohon hafsan mayaƙan sama, Jon Ode. Rahoton farko ya ce daga cikin kwangila 513 da aka duba, 53 ba a yi aikin ba. Waɗanda aka zarga sun musanta, wannan kuma aikin kotu ne. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wani batu guda cikin rahoton da ya biyo baya. Kwamitin ya ce an ba da shawarar a sayo jirage masu saukar ungulu samfurin Mi-35M, sai aka kawo tsofaffin Mi-24V guda biyu a kan kuɗi fiye da dala miliyan 136, kuma suka iso ba su da cikakkun kayansu. Watau masu aiki da jirgi sun faɗi abin da suke so, wani dabam ya zaɓar musu. In maƙeri ya ce a kawo masa gawayi aka kawo masa kara, kada a zarge shi in fartanya ba ta ƙeru ba.

To, ina kwamanda zai kai kuka? A watan Maris na 2020 wani hoton bidiyo ya bazu inda Manjo-Janar Olusegun Adeniyi, kwamandan yaƙin Lafiya Dole, yake bayyana irin wutar da mayaƙansa ke sha da motocin da suka lalace. Aka ɗauke shi daga muƙamin, daga baya kotun soja ta same shi da laifin karya dokar watsa labari. Dokar soja doka ce, ba mu ja da ita. Sai dai darasin da sauran hafsoshi za su ɗauka shi ne, wanda ya yi shiru ya tsira da igiyarsa. Rundunar da kwamandojinta ke tsoron faɗin gaskiya kuwa, abokan gaba ne za su faɗa mata gaskiyar, da jinin 'ya'yan talakawa.

Wannan ciwo har manyan ƙasashe ya taɓa. A Iraƙi, tun 2005 kwamandojin Amurka suka nemi a ba su motoci masu jure nakiya, takardar ta yi ta kwana a ofisoshi, sai a 2007 da Sakataren Tsaro Robert Gates ya sa hannu da kansa sannan aka shiga ƙera su gadan-gadan. A Ingila ma, rahoton binciken yaƙin Iraƙi da aka fitar a 2016 ya zargi Ma'aikatar Tsaro da jan ƙafa wajen musanya motocin sintirin da nakiya ke tarwatsawa. Bambancin kawai, su suna da hanyar da aka shata wadda kwamanda zai bi ya rubuta bukatar gaggawa, kuma in an yi sakaci, akwai takardar da za ta nuna a teburin wa ta kwana.

Kada kuma a ji mun ce a damƙa wa kwamanda jakar kuɗi. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kowace runduna daga cikin ukun nan ta riƙa neman kayanta da kanta, har ana rige-rigen abin da ya sauka a Ikko, kuma hakan ya jawo ɓarna da rashin haɗin kai. Ban da wannan, kwamanda yaƙin gabansa kawai yake gani. Hedkwata ce ke duba ko harsashin wannan bataliya zai shiga bindigar waccan, ko akwai makanikai da kayan gyara, ko kuɗin ƙasa zai ɗauka. Jiragen Super Tucano 12 da aka biya kuɗinsu a 2018 ba su fara isowa ba sai 2021. Irin wannan ciniki na dogon zango aikin hedkwata ne, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin kwamanda shi ne ya faɗi bukata, aikin hedkwata ta auna ta saya, aikin Majalisa ta bi sawun kuɗi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da abu huɗu. Na ɗaya, a shata hanyar da kwamandan bataliya zai rubuta bukatarsa, a sa mata lamba da kwanan wata, a kuma ƙayyade kwanakin da dole a ba shi amsa. Na biyu, kada a sayi mota ko bindiga ko wayar-iska da yawa sai an kai samfurinta fagen fama, waɗanda za su yi aiki da ita sun gwada sun sa hannu. Na uku, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai rundunar da aka saya wa kayan ta shaida sun iso kuma suna aiki. Na huɗu, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta keɓe kayan tsaro daga ƙa'idodinta sai in Shugaban Ƙasa ya yarda a bi su. Sirri ya dace a kan inda aka girke makami, amma bai dace a kan ko an kawo shi ba. A gyara wannan sashe, a bar kwamitocin tsaro na Majalisa su riƙa jin ta bakin kwamandoji a asirce, ba tare da an hukunta wanda ya yi magana ba. Ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna tun 1964, wadda aka sabunta dokarta a 2023, ita ma ta riƙa zama da mutanen fage kafin ta ƙera kome.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, kuna da ƙungiyoyi, kuna da sarakunan Hausawa a kowane zango, kuna komawa gida da salla. Gombe tana da sanatoci uku da wakilai shida a Majalisar Tarayya. In kun haɗu da su, bayan gaisuwa da neman taimakon masallaci, ku tambaye su ko sun taɓa zama da kwamandan barikin Gombe sun ji abin da ya nema da abin da aka ba shi. Da yawa cikinmu akwai ƙane ko ɗa a cikin kaki, kuma tirelolin shanu da hatsin da muke ci da su ta waɗannan hanyoyi suke biyowa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama wajen tsare garuruwanmu, ya ba shugabanni ikon sauraron na ƙasa da su, amin.